Ƙungiyar Takarda Ba Ta Haye Gulbi

Ranar Asabar 14 ga Satumban 2024, da safe, jirgin fito ya kife da manoma a gulbin da ke gefen garin Gummi. Gonakinsu na ƙetare ne, ruwa kuma ya cika ya batse, don a daminar nan ce ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu. Rahotanni suka ce mutum fiye da 40 sun rasu, wasu ma suka kai lissafin sama da 60. Allah Ya jiƙansu. Cikin duk bayanan da aka yi a ranakun nan, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani jami'in yankin da ya shaida wa manema labarai cewa manoma fiye da 900 ne ke haye ruwan kullum, jiragen da ke fito da su kuwa biyu ne tak.

Gwamnati na da nata kason laifin, kuma babba ne. Mashigin da ɗaruruwan mutane ke bi kullum ya cancanci gada, in gada ta gagara ya cancanci jirgi mai inji da rigunan ruwa. Ba wanke kowa na zo yi ba. Amma a ɗan jingine wannan a yi wani lissafi. Da kowane ɗaya daga cikin mutum 900 ɗin nan zai ware tiya biyu ta shinkafa da kaka, a tara wuri guda a sayar idan ta yi daraja, kafin kaka biyu ta wuce an sassaƙa jirgi na uku da na huɗu, mallakar masu hawa, da matuƙin da su ne ke biyansa, wanda zai iya cewa "jirgi ya cika" ba tare da ya ji ya yi asarar kuɗin fito ba. Ban yarda rowa ko ƙarancin tunani ne ya hana a yi haka ba. Abin da ya hana shi ne tambayar da kowane Bazamfare zai fara yi maka in ka kawo masa maganar tara kuɗi: a hannun wa za a ajiye? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara da shekaru ana nuna masa cewa ƙungiya hanyar karɓar rabo ce, kuma mai riƙe da littafi shi ke ɗaukar kaso mai tsoka.

A Anka da Gummi da Bukkuyum ƙungiyoyin gama kai masu rajista da hatimi ba su yi ƙaranci ba. Wadda ta yi ƙaranci ita ce ƙungiyar da za ta kama hannunka ta kai ka ta nuna maka abin da ta mallaka, jirgi ne, sito ne, inji ne, wanda membobinta suka saya da guminsu saboda ba wanda zai iya sayensa shi kaɗai. A ganina da wannan mudun kaɗai ya kamata a riƙa auna su.

Talaucin yankin ba ya buƙatar shaida, amma ga wadda hukuma ta bayar da bakinta. Rahoton talauci na 2019 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ja layi a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, wato abin da bai kai naira 400 a rana ba, ya ce kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya na ƙasa da layin. A Zamfara kashi 74 ne. Wannan fa kafin cire tallafin mai na 2023 da tsadar da ta biyo baya. Lissafin rashin aikin yi kuwa abin dariya ya zama. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 ne ba su da aiki a ƙasar. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun wani abu ya zama mai aiki, adadin ya faɗo zuwa 4.1.

To je ka Bagega ko Nasarawar Burkullu ka nemo saurayin da bai yi aikin awa ɗaya ba a mako. Da wuya ka samu. Wani na cikin rami tun asuba, wani na kabu-kabu a hanyar da kowa ya san abin da ke cikinta, wani na ƙwadago a gonar wani saboda tasa na can cikin daji inda ba ya iya zuwa. Zaman kashe wando na birni ne, na mai takardar digiri da ke jiran a kira shi. Ciwon karkara shi ne a yini ana wahala, gumin ya tafi a arha.

Duba shekarar ƙaramin manomi. Ruwa ya sauka, taki ya yi tsada saboda kowa nema yake, shi kuma ba buhu zai saya ba, kwano-kwano za a auna masa, a farashin da ya fi na kowa. Watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kwantar da yara biyu, sai ya nufi gidan mai hali ya karɓi kuɗi ko hatsi da sharaɗin biya da kaka, a kan farashin da mai halin ya yanka. Kaka ta yi, duk ƙauyuka sun fito da kaya lokaci ɗaya, kasuwa ta faɗi, ga mai bashi tsaye a masussuka da buhunansa. Abin da ya saura a sayar a yi auren 'ya ko a gyara ɗakin da ruwa ya ci. Bayan wata shida zai koma kasuwar nan ya auno dawar da shi ya noma, da tsadar da ba a taɓa saya a hannunsa ba. A kowace gaɓa shi kaɗai yake tsaye, wanda ke gabansa kuma na da jari da sito da mota, ga labarin farashin Gusau da na Dawanau a wayarsa.

Don maganin wannan kaɗaicin aka ƙirƙiro gama kai. A 1946 masu shanu na gundumar Kaira a Indiya suka gaji da kamfani guda da ke yanka musu farashin madara yadda ya ga dama, suka daina kai masa, suka kafa nasu wurin tarawa a garin Anand. Shi ne ya zama Amul, wanda yau miliyoyin masu kiwo suka mallaka. Ciniki ne ya tara su. Tamu ta shigo ta wata ƙofa dabam. Turawan mulki suka ɗauko wani jami'insu da ya yi aiki a Indiya, C. F. Strickland, ya zagaya ya rubuta rahoto a 1934, aka yi doka a 1935, aka naɗa jami'in rajista. Tun ranar suna ke nan ofishin gwamnati ne uban ƙungiya. A Arewa babban aikinta ya zama raba rancen noman gyaɗa da auduga, in bashi ya taru ba a biya ba ta kwanta, a jira wata gwamnati ta tashe ta da sabon suna. Zamfara ta ga ZACAREP zamanin Yariman Bakura, ta ga shirin Fadama kashi-kashi da kuɗin Bankin Duniya, ta ga Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. A wannan na ƙarshe Babban Banki ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kuma zuwa farkon 2023, da lissafin bankin kansa, wajen rabin abin da lokacin biyansa ya yi ne ya dawo. Akwai waɗanda suka amfana, akwai injinan ban ruwa da rijiyoyin fadama da suka rufa wa gidaje asiri. Sai dai duk shirye-shiryen nan kiransu ɗaya ne: ku haɗa ƙungiya a ba ku.

Kowa ya san yadda ake amsa wannan kira. Labari zai zo daga Gusau cewa za a raba taki ko rance, amma sai ta hannun ƙungiya. Daren nan za a taru a zauren wani mai faɗa a ji na mazaɓa, a yago takarda daga littafin ɗan makaranta a fara jera sunaye. Shugaba mai zauren ne, sakatare ɗan ƙanensa da ya yi kwalejin ilimi, ma'aji surukinsa. Talaka zai durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa sunana." A ce masa, "Kai dai kawo hoto biyu da kuɗin fom." Sunan ƙungiya ma a daren za a raɗa shi, Alheri ko Nasara ko Haɗin Kai. Taki ya zo a makare, bayan an yi noman farko, rabi ya bi ta bayan gida zuwa kasuwa. Wanda ya samu bai ɗauke shi bashi ba, ya ɗauke shi ladan ƙuri'arsa, ga shi kuma ya ga shugaba bai biya nasa ba. Takardar rajista ta koma ƙarƙashin katifa sai wani rabon. Mutanen da ke cikin jerin nan ba su taɓa zama sun tattauna komai tare ba, ba su taɓa zuba ko sisi ba, don haka ba su da abin da za su yi fushi a kai in an cinye.

Wanda zai ce mutanen nan ba su iya haɗa kai ba ne, bai san su ba. Gayya ta girmi kowace doka, adashin mata na zagayawa shekaru ba takarda ba kotu, masallatai da makarantun allo nawa aka gina da karo-karo. Akwai ma shaidar da ta fi waɗannan ɗaci. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kwana ana kisa aka wuni ana kisa. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Kafin watan ya ƙare ƙauyuka tara na Bukkuyum, har da 'Yargalma, suka sami wasiƙu da aka yanka wa kowanne kuɗin da zai biya in yana son a bar shi. Irin wannan kuɗi, da na fansa, da na izinin girbi, ba daga Gusau yake zuwa ba. Mai gari da liman da dattawa ke zama a ƙidaya magidanta, a yanka wa kowa gwargwadon ƙarfinsa, mai sa ya sayar da sa, bazawara ta kawo akuya, a rubuta wanda ya biya da wanda ya saura, a buga wa 'yan ci-rani a Legas da Fatakwal su turo nasu. Cikin kwanaki sai a haɗa abin da babu bankin da zai ranta wa garin. Duk abin da ake karantarwa a Kwalejin Gama Kai ta Tarayya da ke Kaduna yana nan: jerin membobi, kason kowa, wa'adi, amintaccen da zai riƙe. Kuɗin ne kawai yake shiga daji ya dawo musu harsashi.

Kada a fahimce ni a karkace. Mutumin da aka ɗora wa bindiga a ka ba zaɓi ya yi ba, kuma wannan karo-karon shi ne ya lashe jarin da da shi za a tayar da sana'a. Na kawo shi ne don a daina ɓata kuɗi wajen turo ƙwararru daga Abuja wai su wayar da kan mutanen Gwashi da Adabka kan amfanin haɗin kai.

In koyi ake nema, ba sai an je Indiya ba. A 1991, a ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta gwada wani abu da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a ba su jari ba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam-dabam, akwatin na ɗakin ta huɗu. Kowane mako su zauna, kowa ta zuba abin da aka amince a gaban kowa, a ƙidaya da ƙarfi, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta maido. Shekara ta zagayo a fasa a raba, a sake sabon zubi. Adashi ne aka yi wa gyara, yadda mace za ta iya ɗauka lokacin da take da bukata ba sai layinta ya zo ba. Tsarin nan na Hausawan Maraɗi shi ne ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na bin sa. Abin da ya raya shi shi ne kuɗin na masu shi ne. Wadda ta ƙi biya ba gwamnati ta cuta ba, maƙwabciyarta ta cuta, kuma za su haɗu a gidan suna.

A Nijar ɗin dai manoma sun daɗe da wata dabara ta sito mai kwaɗo biyu. Da kaka ƙungiya ta zuba hatsin membobi a sito, kowane buhu da sunan mai shi, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar buhunansa ya yi lalurar kaka, ya yi noman rani ko kiwo. Idan hatsi ya yi tsada gab da damina a buɗe sito, ya biya ya ɗauki kayansa, ko ya ci ko ya sayar. Ribar da mai sito na birni ke ci ta dawo hannun wanda ya yi noman. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, a yi faɗuwa; ciniki ne, ba sihiri ba. Amma garin shinkafa kamar Gummi ya fi ƙarfin a ce ba shi da irin wannan a kowace unguwa.

Dole a nan a taɓo maganar kuɗin ruwa, don a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 ita ce tambaya ta biyu bayan ta amana. Mutane da yawa sun guji rancen banki saboda ita, wasu kuma sun fake da ita sun ƙi biya. Gummi garin malamai ne, nan aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, kuma Risalar da ake karantawa a zaurukanta na ɗauke da hukuncin ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki a raba riba, da na tarayya a ciniki, da na salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna bisa siffa da wa'adi sanannu. Ƙungiya na iya saye da sayarwa ta ci halaliyarta, tana iya karɓar kuɗin ajiya a sito, tana iya ba membanta rance ba ƙari. Ina ma malamanmu za su ba wannan babi rabin lokacin da suke ba saɓanin da ba ya ƙara wa kowa tuwo. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ma, sito ko jirgin fito da ta tsayar waƙafi ta damƙa wa masu amfani da shi su kula, zai fi rabon da ake cinyewa cikin mako daɗewa.

Inda rashin ƙungiya ta gaske ya fi yin ɓarna shi ne wajen zinare. A 2001 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2010 ta haura 1,200. Manoman Anka da Bukkuyum, da suka san akwai gwal a duwatsunsu tun zamanin Turawa, suka ga rami ya fi gona biya. Aikin haka yake: a sauka rami da diga da guduma da tocila a goshi, a fasa dutse a cika buhu a jawo da igiya. A farfasa shi ƙanana, a zuba a injin niƙa irin na hatsi ya zama gari, a wanke garin a kan katako mai gangare da aka shimfiɗa wa kafet, a tattara abin da ya maƙale a murza da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi ta bar ɗan ƙwallon gwal. Dillali na gefe da sikelinsa, shi ke faɗin nauyi shi ke faɗin farashi.

Da yake kowa nasa yake yi, kuma dutsen da ka bari a daji ba lalle ka tarar da shi gobe ba, sai aka riƙa shigo da buhunan cikin gida. Mata na daka a turmi, ana shanya gari a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ba wanda ya san dutsen da ake tonowa a lokacin cike yake da dalma. Farkon 2010 yara suka fara jijjiga suna mutuwa, aka ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓi, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano bakin zaren. A Dareta da 'Yargalma, inda masu bincike suka bi gida-gida, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da gubar ta kashe a jihar ta kai 400 ko fiye. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru da 'Yargalma aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan masu fafutuka irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet, kafin gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin. MSF ta kusa shekara 12 tana jinyar yaran kafin ta miƙa aikin ga jiha a 2022.

Maganin da masana suka bayar ba shi da wuyar ganewa: a niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi aikin nesa da gari, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya koma gida ya ɗauki ɗansa. Sai dai duk waɗannan kayan taro ne. Injin niƙa mai ruwa, rijiyar burtsatse, katanga da mai gadi, wurin wanka, ramin zuba dagwalon da aka wanke. Saurayin da ke tono da garin kwaki da ubangidan rami ya ba shi bashi ba zai iya ko ɗaya ba. Mutum 200 za su iya. Ubangidan rami kuwa, wanda sau da yawa 'ya'yansa na birni, ba abin da zai matsa masa ya kashe kuɗi kan ƙurar da ba gidansa take shiga ba. Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba. Fitar da aikin daga gidaje dole ne, amma ya raba matan da ke samun 'yan kuɗi ta hanyar daka da abin hannunsu. Ƙungiyar da ta mallaki wurin niƙa na iya sayar wa mace kaso, rabonta ya iske ta a ɗaki ba tare da dutse ya shiga gidanta ba.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta san da haka. Ta yi tanadin gwamnati ta tallafa wa ƙananan masu haƙa da suka yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, kuma ƙungiyar na iya neman lasisin ƙaramin haƙa da sunanta. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi, ba a ɗage ba sai Disamban 2024. Cikin shekarun nan tono bai tsaya ba, mai bin doka ne ya tsaya. Ramuka da dama suka koma hannun masu bindiga, su ne masu ba da izini, su ne masu karɓar kaso. A tsakiyar haramcin kuma, a Yulin 2020, aka kai wa Shugaba Buhari sandar gwal mai nauyin kilo 12.5 da Babban Banki ya saya naira miliyan 268 ƙarƙashin shirin PAGMI, aka yi ta ɗaukar hoto ana cewa ƙananan masu haƙa sun sami gata. Na cikin rami a Sunke dai sikelin dillali ya ci gaba da kallo. Tanzaniya a 2019 kasuwar gwal ta hukuma ta buɗe a Geita, kusa da masu tono, inda za a auna kayan mutum a gabansa. Mu muka zaɓi biki a Abuja.

Na san abin da mai karatu daga Bagega zai ce: "Malam, kana zancen sito da akwati, mu da ko kwana a gida bai tabbata ba?" Gaskiyarsa. Rumbun da ya cika a ƙauyen da ba jami'in tsaro gayyata ce, akwatin kuɗi a ɗakin mace kuma kafin a rufe kwaɗo na uku infoma ya kai labari. Ƙungiya ba ta tare hanyar Anka zuwa Bagega, ba ta korar kowa daga daji. Wannan aikin gwamnati ne, kuma mun ga yadda maganinta kan zame wa talaka wani ciwon. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, mai ɗan jari ya zauna ya cinye jarinsa.

Amma jiran sai an gama da 'yan bindiga kafin a motsa, jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba ne. Halin da ake ciki shi zai nuna yadda za a yi. Sito a cikin gari zai zauna, Gummi ko Anka ko Bukkuyum ko Daki Takwas, manomin ƙauye ya riƙe takardar buhunansa maimakon buhunan. Kuɗin zubi kada ya kwana a akwati, a ranta shi a zaman da aka tara shi, ragowar ya shiga asusun da sai mutum uku sun sa hannu. Wurin farawa kuwa, in da ni za a tambaya, cikin 'yan gudun hijira ne. Waɗanda suka cika Anka, har da masu fakewa a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a kammala ba, gari-gari suka taso, da mai garinsu da limaminsu da unguwarzomarsu. Sun san wa ke riƙe amana wa ke ci. Ɗan gudun hijira guda ba wanda zai ba shi hayar fadama a bakin gari, amma magidanta 30 da shugaba sananne suna iya zama da mai fili su yi ciniki. Matan da ke surfe da saran ice don kwano ɗaya, injin markaɗe guda na tarayya zai sauya musu lissafi.

Abin da ake bukata daga Gusau a nan ya fi raba kuɗi arha, shi ya sa wataƙila ba ya burge 'yan siyasa. Jami'in gama kai na ƙaramar hukuma ya zama mai binciken littafi, ya zo sau ɗaya a shekara ya karanta lissafi da Hausa a gaban membobi, ma'ajin da ya ci kuma ya gurfana gaban alƙali ko ɗan wace jam'iyya ne. Kada a ba kowace ƙungiya rance ko taki sai ta nuna zubinta na kaka biyu, abin da za a ba ta kuma ya bi gwargwadon abin da ta tara. Wannan kaɗai zai kashe ƙungiyoyin daren rabo.

Wanda ba zai jira kaka biyu ba shi ne lasisin gwal. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne a tsarin mulki, ofishin da ke ba da lasisi na Abuja, ƙa'idarsa kuma wanda ya riga nema shi ake ba. Tunda an ɗage haramci, mai lauya da kuɗin fom na iya riƙe takardar dutsen da mutanen Dareta suka binne 'ya'yansu a kansa, bai taɓa taka garin ba, su kuma su wayi gari sunansu masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Mai nema dai na bukatar takardar amincewar masu ƙasa, nan ne sarakuna da hakimai ke da ta cewa. Masarautun Anka da Bukkuyum su nemi a liƙa jerin duk lasisin da ke kan ƙasarsu a ƙofar fada da sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan mai shi da iyakarsa, kuma kada hakimi ya sa hannu a sabuwar takarda sai an ware filin da ƙungiyar masu tono na garin za ta nema da sunanta. 'Yan majalisar tarayya na Gummi da Bukkuyum da na Anka da Talata Mafara na iya karɓo wannan jeri da wasiƙa guda.